'Yan Gudun da Ba Su da Makaɗi

Duk wanda ya taɓa riƙe usur a filin lakwal a Matamaye ya san ba mu muka koya wa yaran nan gudu ba. Da abinsu suka zo. Yaron da ke fitowa daga ƙauye tun asuba ya keto yashi kafin a kaɗa ƙararrawa, ranar hutu ya yini ɗaukar rake a fadama, da dare kuma ya yi langa a dandali, me za ka ƙara masa? Namu dai, mu malaman wasanni, mu ja layi da toka, mu nuna masa lokacin tashi da wurin tsayawa.

Na kama aiki zamanin Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya. A lokacin gasar hawa-hawa ce. Yaro ya yi fice a kwalej, a kai shi Damagaram ya kara da irin su 'yan lise Amadu Kuran Daga. Wanda ya tsallake ya sa rai da shiga tawagar jiha zuwa bikin matasa na ƙasa. Sunan da muke zuga su da shi ɗaya ne, Isaka Dabore, ɗan damben da ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a gasar Olympics ta Munich a 1972. Sai da ƙasar ta jira shekara 44 kafin Abdul Razak Alfaga ya kawo ta biyu, azurfar taekwondo a Rio a 2016.

Akwai wani yaro dogo, siriri kamar kara, da na riƙe a gudu mai nisa. Ran da muka je Damagaram aka ara masa takalmi. Ya sa, ya ɗan taka, ya tuɓe ya miƙo mini ya ce, "Mushe, riƙe mini, suna danne ni." Da ƙafa ya yi gudun, ya bar 'yan birni suna shaƙar ƙurarsa. Akwai kuma wata yarinya a ƙwallon hannu wadda masu tsaron gida ke shakkar jifanta. Ba ta kai jarrabawar BEPC ba aka ɗaura mata aure. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga baya kuɗin yuraniyom ya karye, aljihun gwamnati ya bushe. Shekarun 1990 suka zo da yajin aiki da bashin albashi, wata shekarar ma a soke karatu ɗungurum. Wa zai yi zancen motar kai yara gasa? A makarantu da dama azuzuwan zana suka cinye filin wasa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne mantuwa. Je ka kowace tasha ka tambayi wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko, a ce maka Kantu na Maraɗi, a Tawa, 1975. Ambaci Langa-Langa ko Balla Haruna a ƙasar Damagaram, ka ga tsofaffi sun gyara zama. Ɗan kokowa yana da makaɗi, yana da kirari, rediyo ya kai sunansa har bukkar makiyayi. Namu yaran a littafin malami kaɗai aka rubuta bajintarsu, nawa littafin kuwa gara ta gama da shi tuni.

Bara na gamu da dogon nan a kasuwa, furfura ta cika masa gemu, yana sayar da rake. Ya bar wa jikansa kayan, ya kama hannuna har tsohon filinmu, ya nuna mini daidai inda layin ƙarshe yake a da. Aji ne a wurin yanzu, yara na ciki suna bitar lissafi.