Ire-iren mugayen manhajojin da ke addabar kwamfutocin gida

Muguwar manhaja ita ce duk wadda aka ƙirƙira da nufin cutar da mai kwamfuta, ko ta lalata masa bayanai, ko ta sace su, ko ta yi aiki da na'urarsa ba da saninsa ba. A bakin akasarin jama'a dukkansu sunansu "bairos", amma masana sun kasa su gida-gida gwargwadon hanyar da suke bi su shiga da kuma abin da suke aikatawa bayan sun shiga.

Bairos na ainihi ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Yana liƙe wa wani fayil ne ko wata manhaja, sai an buɗe fayil ɗin sannan ya farka ya kwafi kansa zuwa wasu. Wanda ake ɗauka na farko da ya kama kwamfutoci samfurin IBM shi ne Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, har da sunayensu da adireshin shagonsu a cikinsa. Faifai ne ya yaɗa shi a wancan zamani. A yau filas ya gaji wannan aiki, musamman a shagunan buga takardu inda filas da dama ke shiga kwamfuta ɗaya a wuni. Wanda ɗalibai suka fi saba gani shi ne mai ɓoye fayiloli ya bar alamomin bogi a gurbinsu, duk wanda ya latsa alamar ya sake kunna cutar. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, don haka gaggawar goge filas ɗin gaba ɗaya ita ce ke jawo asarar, ba bairos ɗin ba.

Tsutsa kuwa ba ta jiran kowa ya latsa komai. Tana neman ɓaraka a tsarin kwamfuta ta ratsa ta intanet daga wannan na'ura zuwa waccan. Wadda ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki a Nuwamban 1988 an ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na duk waɗanda ke kan intanet a lokacin.

Nau'in da ya fi kusa da mai kwamfuta a gida shi ne tirojan. An samo sunan daga labarin tsoffin Girkawa na dokin katako da aka cika da mayaƙa aka kai wa mutanen birnin Turoy a matsayin kyauta. Tirojan ba ya fasa ƙofa, mai gida ne ke buɗe masa, domin yana zuwa ne da kamannin abu mai amfani: takardar shaidar biyan kuɗi a imel, ko wasa, ko manhaja mai tsada da aka cire wa makulli ake rabawa kyauta. Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Kwamfutoci da yawa a kasuwanninmu ana loda musu manhajojin da ba na asali ba tun kafin su isa gida, kuma umarnin da ke tare da irin waɗannan manhajoji yakan ce a kashe riga-kafi kafin a girka su. Wanda ya bi umarnin ya kori mai gadi da hannunsa. Tirojan ɗin Zeus, da aka gano a 2007, aikinsa ɗauke bayanan shiga asusun banki, kuma bayan asirin rubutunsa ya fallasa a 2011 wasu suka ɗora nasu a kai.

Mafi muni a cikinsu ita ce manhajar garkuwa, wadda ke kulle fayiloli da mabuɗin sirri sannan ta nemi kuɗin fansa. Ba sabuwar dabara ba ce. Tun a 1989 wani Ba'amurke, Joseph Popp, ya aika da faifai kusan 20,000 ta gidan waya da sunan bayani kan cutar ƙanjamau, wanda ya girka sai a nemi ya tura dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Zuwan kuɗin Bitcoin ne ya sauƙaƙa karɓar fansar. A ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry, wadda ta haɗa halin tsutsa da na garkuwa, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, tana neman dala 300 a kan kowace na'ura. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ta bi tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa. Cire manhajar garkuwa daga kwamfuta ba ya buɗe fayilolin da ta riga ta kulle, biyan fansa kuma ba tabbaci ba ne. Shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holand da hukumar Europol da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana ba da mabuɗai kyauta, amma na wasu nau'o'i kaɗai. Abin da ke ceton mutum shi ne kwafin ajiya a wani faifai da ba ya zama a jone da kwamfutar, domin wanda ke jone shi ma kulle shi ake yi.

Manhajar leƙen asiri shiru take aikinta: tana nadar abin da ake bugawa a madannai, ko ta kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza. Akwai kuma waɗanda ke mai da kwamfuta baiwa, su haɗa ta da dubban wasu ana aika saƙonnin damfara ko haƙar kuɗin kirifto da ita. Mai ita ba ya ganin komai sai zafin na'ura, da kukan fanka, da data mai ƙarewa ba dalili.

A can ƙasa akwai manhajojin da ba a gayyata ba, irin masu cika fuska da talla ko masu sauya shafin bincike. Yawancinsu suna biyo manhajar kyauta ne, a wani ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama wanda mai girkawa bai karanta ba. Ana raina su, amma a 2015 an gano cewa Superfish, manhajar talla da ta zo cikin wasu kwamfutocin Lenovo tun daga masana'anta, tana raunana tsaron shafukan da ake shiga da sirri. Danginsu ne saƙon da ke faɗowa yana cewa kwamfuta ta kamu, a sauke riga-kafi ko a kira wata lamba. Shafin intanet ba shi da ikon binciken kwamfuta haka kawai.

Riga-kafin Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya wadatar ga yawancin gidaje, muddin yana kunne kuma ana barin sabuntawa ta sauka duk da tsadar data. Sai dai Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali da yawa daga cikin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Mai sayen irinsu ya kamata ya tambayi wannan kafin ya tambayi girman faifai.