Lanzarote: Gonakin Inabi da Gaɓar Teku

Lanzarote tsibiri ne a cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, a Tekun Atlantika, kimanin kilomita 125 daga gaɓar Afirka. Babban birninsa shi ne Arrecife. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsun yankin Timanfaya suka yi ta aman wuta, suka binne ƙauyuka da gonaki a ƙarƙashin narkakken dutse da baƙar toka.

Abin ban sha'awa, wannan tokar ce ta zama arzikin yankin La Geria. Ruwan sama bai taka kara ya karya ba a tsibirin, amma manoma sun gano cewa tsakuwar da dutsen ya amayar tana tsotse raɓar dare, ta kuma hana damshi ƙafewa. Sai su haƙa rami mai faɗin baki har su tarar da ƙasar noma ta asali, su dasa kurangar inabi a gindinsa, su gina masa 'yar katangar duwatsu kamar jinjirin wata don tare iskar arewa maso gabas. Da hannu ake yawancin aikin, kuma a da raƙuma ne ke jigilar amfanin. Nau'in da ya fi shahara shi ne Malvasía, wanda ake yin farar giya da shi. Masana'antar El Grifo tana wannan sana'a tun 1775.

A kudancin tsibirin, cikin keɓaɓɓen yankin Los Ajaches, akwai ƙananan gaɓoɓin Papagayo masu laushin yashi, ɓoye tsakanin duwatsu. Hanyar burji ce ke kai mutum can, ko kwale-kwale, ko tafiyar ƙafa daga garin Playa Blanca.