Tambari Ba Ya Ajiye Kansa

A birnin Milan na Italiya, gidan wasan waƙe na La Scala ya buɗe gidan tarihinsa a 1913, ya tara tsofaffin kayan kiɗa da tufafin mawaƙa. Mu a yammacin Zamfara, fada ce ta riƙe mana wannan amana.

Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Tambari kuwa na sarki ne, ana jin sa ranar naɗi da lokacin salla. Kotso, irin wanda Musa Ɗanƙwairo na Bakura ya shahara da shi har rasuwarsa a 1991, gadon gidajen makaɗa ne.

Sai dai itace da fata ba sa daɗewa. Gara na ci, damina na ruɓarwa. Yau 'yan bindiga na tarwatsa ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, mai gudun tsira da rai kuwa ba ya ɗaukar ganga. Kano ta adana nata a Gidan Makama. Mu ma mu tattara namu, da sunayen masu su, tun dattawan da suka san su suna raye.