Ciwon Damuwa da Tsoron Zuwa Wurin Likita

Ciwon damuwa ya bambanta da ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Likitoci suna kiransa da wannan suna idan mutum ya yi aƙalla mako 2 zuciyarsa a cunkushe kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abin da yake so a da. Barci yakan gagara ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, jiki ya mutu. Manomi ya kasa fita gona, matar da ba ta fashin zumuntar mata ta koma zaman ɗaki. A gida sai a ce lalaci ne. A ikkilisiya kuma, abin takaici, mukan ce ya ja da baya.

Abin da ya fi hana 'yan'uwa zuwa asibiti shi ne tunanin cewa yin haka rashin bangaskiya ne. Mu duba 1 Sarakuna 19. Bayan nasarar da Iliya ya gani a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya shiga jeji, har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ci ya sha. Sai da ya isa Horeb ne aka yi magana da shi, aka ba shi aiki, aka kuma ba shi Elisha. An lura da jikin annabin kafin a yi masa tambaya. Haka ma Hezekiya: Allah ya riga ya yi alkawarin warkar da shi, duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Charles Spurgeon, mashahurin mai wa'azin Landan a ƙarni na 19, ya sha fama da wannan nauyin zuciya, bai kuwa ɓoye wa ɗalibansa ba.

Sai tsoron bakin mutane. Iyali suna gudun a ce akwai hauka a gidansu, har ya shafi auren 'ya'yansu. Ba za mu ce wannan tsoro ba shi da dalili ba, domin mun san halinmu. Amma yawancin masu ciwon damuwa ba a kwantar da su. Sukan ga likita, su koma gida a ranar, su ci gaba da aikinsu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ta haramta nuna wa majiyyaci bambanci, ta kuma kāre sirrinsa.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Wanda ke nesa zai iya farawa da babban asibitin da ke kusa da shi. Zuwan farko yawanci hira ce: tun yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, me ya faru a gida. Wani lokaci a gwada jini, domin ƙarancin jini ko matsalar ƙwayar wuya mai jawo maƙoƙo suna iya kawo irin wannan mutuwar jiki. Wanda yake jin nauyin zuwa shi kaɗai ya nemi dattijon ikkilisiya ko ɗan'uwa mai riƙe sirri ya raka shi.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Wasu zama da masanin halayyar ɗan adam ya ishe su. Idan an rubuta magani irin su amitriptyline ko fluoxetine, ba ya bugarwa kamar tramadol, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi. Nan ne da yawa suke karaya su daina. Bayan an ji sauƙin ma, likita yakan ce a ci gaba na wasu watanni, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. A nan muna da magana da 'yan'uwanmu fastoci: idan mutum ya tashi ya ba da shaida cewa ya warke, mu yi godiya tare da shi, amma kada mu ce ya zubar da maganinsa. Wannan shawara ta likitansa ce. Namu shi ne addu'a, da ziyara, da taimakon kuɗin mota ko na magani daga baitulmalin ikkilisiya idan ya kasa.

Idan ɗan'uwa ya fara cewa gara ya mutu, ba a jira taron addu'ar mako. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshi da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.