New Bell a Duwala: shara, magudanan ruwa da itatuwan bakin kogi

New Bell unguwa ce a gunduma ta biyu ta birnin Duwala, cibiyar kasuwancin Kamaru, kuma a nan tsohuwar unguwar Hausawa ta birnin take. Matsalar muhalli a wannan yanki ta bambanta da wadda aka saba da ita a Marwa, Maraɗi ko Katsina. A can hamada ake tsoro, a nan kuwa ruwa. Shi ya sa kwashe shara, sarrafa robobi da kare itatuwa duk suke komawa ga abu guda: ruwan sama ya samu hanyar wucewa.

Asalin unguwar

Jamusawa ne suka yanka New Bell gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da suka ƙwace filayen ƙabilar Duwala na bakin kogin Wouri suka tura su can baya. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da ƙwacen, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi ne suka cika wurin: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu, kowa da ɓangarensa. Gidaje sun yi ta ƙaruwa ba tare da tsari ba, lunguna suka matse, wasu ma aka gina su a kan hanyar ruwa.

Ruwa da leda

Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, wato sama da ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma ya fi tsanani daga Yuli zuwa Satumba. Ƙasar birnin kwance take, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa. Idan leda da gorunan roba suka toshe lambatu, ruwa yakan koma cikin gidaje da shaguna, ya haɗu da na masai, ya gurɓata rijiyoyi. Ta wannan hanya kwalara ke yaɗuwa, kamar yadda birnin ya gani a annobar 2004. Ruwan da ya kwanta kuma shi ne gidan sauro.

Kamfanin HYSACAM, wanda aka kafa a 1969, shi ne ya daɗe yana kwashe sharar birnin bisa kwangila da hukuma. Sai dai manyan motocinsa kan titi suke bi, ba sa shiga lungu. Sharar da ba a kai bakin titi ba, ko dai yara da masu amalanke su kai ta, ko ta ƙare a kwata. Kasuwannin yankin, irin su Marché Central da Nkololoun, suna ƙara yawanta kowace rana.

Abin da doka ta ce

A watan Oktoba na 2012 gwamnatin Kamaru ta fitar da umarnin hana kerawa, shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce mikron 60 ba. Umarnin ya fara aiki a Afrilun 2014. Duk da haka ledar ba ta ɓace daga kasuwa ba, domin ana shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, kuma mai nama, mai ƙosai da mai kayan miya ba su samu madadi mai araha kamarta ba.

Shara a matsayin jari

Tun kafin a fara maganar sake sarrafa shara a takarda, 'yan gwangwan suna yin ta a aikace. Suna bi gida-gida suna sayen tsohon ƙarfe, sanholo da jan ƙarfe, a auna a sikeli, a sayar wa dillalai. Daga gorar ruwa a wanke a zuba man ja ko gyaɗa, zuwa gwangwanin da maƙera ke narkawa su zuba tukunya, abu kaɗan ne ke zama asara.

Robar da ba ta da mai saye ita ce ke tsayawa a lambatu, kuma a nan sababbin masu sana'a suka shigo. Kamfanin Namé Recycling, da ya fara aiki a 2016, yana tattara gorunan roba yana niƙa su don masana'antu. Ƙungiyar Madiba & Nature ta Ismaël Essome tana ɗaure gorunan ta yi kwale-kwale da su. A shatale-talen Deido kuma akwai gunkin La Nouvelle Liberté mai tsawon mita 12, wanda Joseph-Francis Sumégné ya haɗa a 1996 da tarkacen ƙarafa.

Itatuwa

A arewacin Kamaru an san shirin Sahel Vert na shekarun 1970, wanda aka farfaɗo da shi a 2008 don tare hamada. A Duwala itacen da ya fi muhimmanci shi ne na kurmin bakin ruwan gishiri, wanda ake kira mangrove. Saiwoyinsa suna riƙe laka, suna rage ƙarfin igiyar ruwa, kuma a cikinsu kifi da jatan lande ke hayayyafa. Ana sare shi don bandar kifi da katakon gini, ana kuma cike gurbinsa da ƙasa a yi gidaje, kamar yadda ya faru a Bois des Singes da kewayen Youpwe, duk a kudancin gundumar da New Bell take. A 2018 an mai da gandun Douala-Edéa wurin shaƙatawa na ƙasa mai cikakkiyar kariya, ciki har da wani yanki mai faɗi na wannan kurmi.

A cikin New Bell kanta fili ya yi ƙaranci, don haka shuka takan tsaya a harabar masallatai, makarantu da gefen manyan tituna. Da yake ruwa a wadace yake, abin da dashe ya fi buƙata shi ne shinge daga awaki da tumaki, da wanda zai ɗauki nauyinsa har ya kama ƙasa. Hakan ya sa irin wannan aiki ya fi ɗorewa idan ya bi ta hannun masu unguwa, limamai da ƙungiyoyin matasa, waɗanda su ne kuma ke fitar da jama'a yashe kwatoci kafin damina ta kankama.