Rubuta manhajar kwamfuta a fannin tsaro: hanyar da ɗan Azare mazaunin Kudu zai bi

Idan aka ce aikin tsaro, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne kaki da bindiga. Amma yau jirgi marar matuƙi da na'urar hangen nesa ta rada da rediyon sojoji duk manhaja ce ke tafiyar da su, kuma mutum ne ke zama ya rubuta ta. Wannan bayani na matasanmu ne 'yan asalin Azare da sauran ƙasar Katagum da suka tashi a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, da iyayen da ke tambayar ina karatun kwamfutar nan zai kai yaro.

Ina aikin yake?

Cibiyar wannan harka a Najeriya ita ce Kaduna. A can kamfanin ƙera makamai na gwamnati, DICON, yake tun 1964, kuma a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokarsa da ta ƙara buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. A can kuma kwalejin fasaha ta sojojin sama, AFIT, take. A watan Fabrairun 2018 aka ƙaddamar a Kaduna da jirgin leƙen asiri marar matuƙi da injiniyoyin sojan sama suka haɗa tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal, aka raɗa masa sunan Hausa, Tsaigumi. A Abuja akwai rundunar sojan ƙasa mai yaƙi da kutse ta intanet, da hukumar tsaro mai kula da sararin samaniya.

Kudu ma ba a bar ta a baya ba. Kamfanin Proforce yana ƙera motoci masu sulke a Ode-Remo ta jihar Ogun, sojojin ruwa kuma sun ƙera jirgin sintiri NNS Andoni a ma'aikatarsu ta Legas a 2012.

Ƙofofin shiga

Ƙofa uku ce. Ta farko NDA ta Kaduna, inda yaro kan shiga bayan sakandare ya fito hafsa mai digiri. Ta biyu DSSC, wato ɗaukar wanda ya riga ya gama digiri da bautar ƙasa, a ba shi horo na 'yan watanni ya zama hafsa a fanninsa. Ta uku aikin farar hula, a hukumar gwamnati ko kamfani. Biyun farko suna da iyakar shekaru da gwajin lafiya, don haka a riƙa karanta sanarwar kowace shekara da kyau.

Karatun da ake buƙata

Tushen abin lissafi ne. Yaro ya ɗauki ajin kimiyya, ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. Kwasa-kwasan da suka dace su ne kimiyyar kwamfuta, injiniyancin kwamfuta ko lantarki, da tsaron intanet.

Wanda ke son komawa gida karatu yana da zaɓi. Akwai jami'ar jihar Bauchi a Gadau kusa da Azare, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, akwai ATBU a Bauchi. Akwai Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu a jihar Borno da aka kafa a 2018. Ita da AFIT duk suna ɗaukar farar hula ta hanyar JAMB, sai dai a sani karatu a cikinsu bai mai da mutum soja ba.

Me za a koya da hannu?

Yawancin makarantun koyon kwamfuta na Legas gina shafin intanet suke koyarwa. Yana da kyau, yana kawo kuɗi, amma ba shi ne abin da fannin tsaro ya fi nema ba. A nan manhaja tana zaune ne cikin ƙaramar na'ura mai ƙarancin wuri da batir, kuma kuskure ɗaya na iya kayar da jirgi ko ya ci rai. Shi ya sa yaren C da C++ ke gaba. Python na taimakawa wajen nazarin bayanai da hotuna. A ƙara da Linux da sanin yadda kwamfutoci ke magana da juna.

Ga inda zaman Kudu ke da riba: a Kwamfuta Bilej ta Ikeja za a samu tsohuwar laftof da kayan haɗi cikin sauƙi. A nemi ɗan allon Arduino a fara da ƙananan abubuwa, kamar na'urar auna zafi ko mai nuna inda babur yake. ArduPilot da PX4, manhajojin tuƙa jirgi marar matuƙi, kyauta suke a intanet, kuma ana iya gwada su a kwamfuta ba tare da jirgi ba. Wannan ya fi lafiya, don tayar da irin jirgin nan ba izini na iya jawo wa mutum matsala da hukuma. A ajiye duk aikin da aka yi a GitHub, ranar intabiyu shi zai yi magana.

Takardun gida

Nan ne 'ya'yanmu na Kudu suka fi tuntuɓe. Ɗaukar soja da aikin tarayya ana raba shi ne jiha-jiha, kuma jihar asali ake dubawa. Yaron da aka haifa a Idi-Araba, mahaifinsa ɗan Azare, a kason Bauchi zai nema, da takardar shaidar ɗan ƙasa ta ƙaramar hukumar Katagum, wadda hedikwatarta ke Azare. Na Shira ko Gamawa ko Giade ko Zaki ko Itas/Gadau, kowa tasa zai je. Kada a jira sai an buɗe fom. In an je gida Sallah, a kai yaro dangi da mai unguwa su san shi, a karɓi takardar.

Sannan a daidaita suna da ranar haihuwa a NIN da WAEC da takardar haihuwa. Muhammad a nan, Mamman a can, ya isa a mayar da mutum gida ranar tantancewa.

Tsare suna

Ana bincikar tarihin mai neman irin wannan aiki. Yaron da ya iya kwamfuta ba zai rasa masu jan sa zuwa damfarar intanet ba, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 na nan. Shari'a guda ta isa ta rufe ƙofar har abada. Haka abin da ake wallafawa a Facebook da TikTok, a yi hattara. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, a guje shi, a nemi sanarwa a shafin rundunar kanta.

Masu mafarkin Amurka ko Ingila su sani, yawancin ayyukan tsaro na sirri a can 'yan ƙasa ake ba. Guraben na gida ma ba su da yawa. Amma wanda ya ƙware a C da Linux da tsaron intanet, in wannan ƙofa ba ta buɗe ba, bankuna da kamfanonin waya da na mai suna neman irinsa. Allah Ya ba da sa'a.