Yadda Yis Ya Shiga Sana'ar Haɗa Maganin Zazzaɓi

Artemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ganyen wani tsiro dangin tazargade ake tatso shi, tun da Tu Youyou ta gano shi a Sin a 1972. Farashinsa kuwa bin damina yake yi, yau tsada gobe araha. Don magance haka, Jay Keasling na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya ɗauki ƙwayoyin gadon tsiron ya dasa wa yis, irin wanda ke kumbura burodi. A 2006 yis ɗin ya fara mayar da sukari sinadarin da ake sarrafawa ya zama maganin. Kamfanin Sanofi ya fara haɗa shi a Italiya a 2013, sai dai ganyen manoma ya yi araha, kamfanin ya sayar da masana'antar a 2016.